Kyamara a Makarantar Kwana: Inda Za a Kafa Ta da Inda Ba Ta da Hurumi

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani malami mai makarantar haddar Alƙur'ani ta kwana a bayan garin Gusau, ta wajen hanyar Bungudu. Ya ce iyayen yara sun matsa masa lamba ya sa kyamarorin tsaro, wasu ma sun yi alkawarin kawo gudummawa. Mai kafa kyamarar da aka haɗa shi da malamin ya zagaya makarantar, ya ba da shawarar a sa a ko'ina: bakin ƙofa, azuzuwa, masallaci, ɗakunan kwana, har lungun da ke kaiwa banɗaki. Ya ƙara da cewa za a iya haɗa wa iyaye a wayoyinsu, kowa ya riƙa ganin ɗansa daga gida. Malam ya ce yana fama da 'yan sace-sacen sabulu da garin kwaki, da makara a sallar asuba, da manyan ɗalibai masu cin zalin ƙanana, don haka shawarar ta ja hankalinsa, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya sa ne ko ya bari?

Malam, Allah ya ƙara wa karatu albarka. Ka sa. Amma kafin ka ba da ko sisi, raba damuwarka gida biyu. Akwai abin da kake tsoro ya shigo daga waje, akwai kuma abin da kake son ginawa a cikin zukatan yaran nan. Kyamara tana da amfani na gaske a kan na farko. A kan na biyu kuwa amfaninta kaɗan ne, kuma idan aka sa ta inda bai kamata ba, ɓarnarta ta fi gyaranta.

Ba na ganin laifin iyayen ko kaɗan. Duk wanda ke Zamfara ya san daren 26 ga Fabrairun 2021, lokacin da aka kwashi 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, abin da ya sa gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun kwana na jihar. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka ɗauki ɗalibai 73 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. A Afrilun 2022 an ɗauki ɗalibai mata na Kwalejin Kiwon Lafiya ta Tsafe daga masaukinsu. A Satumban 2023 aka shiga gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, 'yan kilomitoci daga babban birnin jihar. Makarantun addini ma ba su tsira ba: Islamiyyar Salihu Tanko ta Tegina a jihar Neja ta rasa yara fiye da 100 na tsawon kusan wata uku a 2021, sannan a Maris 2024 aka kwashi almajirai 15 a Gidan Bakuso ta ƙaramar hukumar Gada a Sakkwato. Uwar da ta ajiye ɗanta ɗan shekara tara a makarantarka ba ta barci da ido biyu rufe. Idan ta ce a sa kyamara, abin da take faɗa shi ne a ba ta dalilin da za ta samu natsuwa.

Idon kyamara ya kalli waje

Fara da katanga. Idan katangarka ba ta zagaye ba, ko ƙofarka ba ta da sakata mai ƙarfi daga ciki, kuɗin kyamarar ya tafi can tukuna. Bayan nan, kyamara shida zuwa takwas sun ishi matsakaiciyar makaranta. Guda biyu a babbar ƙofa, ɗaya tana kallon hanyar da ake zuwa, ɗaya a daidai tsayin da za ta ɗauki fuskar mai shiga da fita. Sai kusurwoyin katanga, musamman ɓangaren da ke fuskantar gona ko daji ko kwazazzabo. Sai ɗakin ajiyar abinci da wurin janareta da batura. Sai farfajiyar da ke tsakanin ɗakunan kwana, ta yadda za a ga wanda ya nufi ƙofar ɗaki, ba tare da an ga cikin ɗakin ba.

Kada a rataye su can sama kusa da rufi, don a nan hula da rawani kawai za ka samu. Mita uku daga ƙasa ya wadatar. Kuma ka sani, hasken da kyamarorin kasuwa ke gani da shi cikin duhu bai cika wuce mita 20 zuwa 30 ba, komai abin da aka rubuta a kwali. Ka sa mai aikin ya gwada maka da dare, ka aiki wani gardi ya tsaya a nesa, ka duba ko za ka gane shi. Fitilar sola a kan katanga tana ninka amfanin kowace kyamara. A lokacin hunturu ƙura na rufe gilashin cikin kwana kaɗan, da damina kuma gizo-gizo na yin saƙa a gabansa saboda ƙwarin da hasken ke jawowa, sai hoton dare ya koma fari fat. A ɗora wa mutum ɗaya aikin gogewa duk Alhamis.

Maganar wuta ita ce ke kashe yawancin waɗannan na'urori a wajenmu. Kada ka dogara da wutar kamfanin Kaduna. Kyamara takwas da na'urar da ke naɗar hoton suna cin kamar wat 80 zuwa 100, wato kusan yunit 2 na wuta a kwana ɗaya. Faifan sola biyu masu wat 300 da batir biyu masu 200Ah za su riƙe su dare da rana. A ware musu layinsu daban. Idan aka haɗa su da fanka da cajin wayoyin malamai, ƙarfe biyun dare batir zai mutu, kuma lokacin ne ake buƙatarsu.

Hoton ya riƙa zama a cikin makaranta, a na'urar da ke kulle cikin akwatin ƙarfe, ba a wani wuri da sai da intanet ake kaiwa gare shi ba. Ba mu manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara na makonni. Duk na'urar da rayuwarta ta rataya a kan sabis ta zama kwalliya a lokacin. Ma'ajiya mai girman 2TB tana riƙe hoton kyamara takwas na kimanin mako biyu kafin sabo ya hau kan tsoho, kuma wannan ya isa.

Abu mafi muhimmanci a nan shi ne mutum. Wani babban nazari da masana irin su Eric Piza da Brandon Welsh da David Farrington suka fitar a 2019, wanda ya tattara binciken shekara 40, ya nuna kyamarori sun rage laifuka da kimanin kashi 13 cikin 100, mafi yawa a wuraren ajiye motoci, kuma sun fi tasiri inda akwai mai kallo a lokacin da abin ke faruwa. A kan laifukan da ake amfani da ƙarfi ba su nuna wani tasirin a zo a gani ba. Masu zuwa a kan babura da bindigogi ba su damu da a ɗauki hotonsu ba. Ribar da za ka samu ita ce minti biyar ko goma na sanin cewa ana tafe. Don haka allon kallon ya kasance a ɗakin maigadi, masu gadi biyu suna karɓa-karɓa, da jiniya ko ƙararrawa a kusa da hannunsu, da lambobin ofishin 'yan sanda mafi kusa, da sojojin da ke yankin, da Askarawan Zamfara, da mai unguwa, rubuce a bango da manyan baƙaƙe. Yara kuma su san abin da za su yi idan sun ji jiniya: wace ƙofa, wane gida, wa ke riƙe da ƙanana. A gwada da rana sau ɗaya a kowane zango, cikin lallashi, ba tare da an firgita su ba.

Wa ke riƙe da makullin?

Nan ne nake son ka fi sa hankali, domin a Zamfara mun san da ɗan gari akan ci gari. Matsalar masu kai wa 'yan bindiga bayanai ba sabuwa ba ce a Tsafe ko Bungudu ko unguwannin gefen Gusau irin su Damba da Mareri. Hoton kyamararka taswira ce cikakkiya: ina yara ke kwana, ƙarfe nawa maigadi ke gyangyaɗi, wace kusurwa ce ba a gani, 'ya'yan wa ake kawowa a babbar mota. Duk wanda ya samu lambar sirrin ya samu wannan duka yana kwance a ɗakinsa.

Saboda haka ranar da mai aikin ya gama, ka sa ya nuna maka yadda ake canza lambar sirri, ka canza da hannunka bayan ya tafi, ka kuma tabbatar ya cire makarantar daga wayarsa a gabanka. Da yawa daga cikin na'urorin nan suna zuwa da lambar kamfani mai sauƙi da kowa ya sani, kuma masu kafawa kan bar ta haka don kada a riƙa kiransu. A 2014 an gano wani shafi da ke nuna hotunan kyamarori fiye da 70,000 na gidaje da shaguna a faɗin duniya, duk saboda ba a canza wannan lamba ba. A Maris 2021 masu kutse sun shiga kyamarori kimanin 150,000 na kamfanin Verkada a Amurka, ciki har da na makarantu da asibitoci. Idan haka ta faru da masu kuɗi da injiniyoyi, kai ma ka yi hattara. Mutum biyu kawai su san lambar: kai da amintacce ɗaya. Idan malami ya bar aiki, a canza.

Batun haɗa wa iyaye a waya kuwa, ka ba su haƙuri. Wayar uba tana hannun 'ya'yansa da ƙannensa da mai caji a bakin kasuwa. Iyaye ɗari na nufin ƙofa ɗari a buɗe. Bayan haka, uban da ke kallon ɗansa yana kallon 'ya'yan wasu ne tare, kuma ba su ba shi izini ba. Maimakon haka ka tsayar da ranar da kowane yaro zai yi magana da gida a wayar makaranta, da ranar ziyara, da rahoton hadda da lafiya da ake aika wa iyaye duk wata. Muryar yaro tana gaya wa uwa abin da hoto daga saman bango ba zai gaya mata ba.

Doka ma tana da magana. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma ta nemi yardar iyaye ko masu riƙo kafin a sarrafa bayanansa. Ka rubuta takarda ɗaya da Hausa, da boko da ajami idan da hali: ga wuraren da kyamara take, ga wuraren da babu, ga masu iya kallo, ga kwanakin da hoto ke yi kafin ya goge. Kowane uba ya sa hannu. A kafa allo a ƙofa mai sanar da baƙi. Yaran ma ka tara su ka nuna musu kowace kyamara da yatsa.

Ɗakin kwana, banɗaki, wurin wanka

A nan amsata a'a ce, babu sassauci. Ko maza ne, balle mata.

Malam, kai ka fi ni sanin aya ta 58 a Suratun Nur, wadda ta koya wa yara neman izini kafin su shiga wa manya a lokuta uku: kafin asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan isha'i. Waɗannan lokutan su ne daidai waɗanda kyamarar ɗakin kwana za ta fi ɗauka. Ta yaya za mu biya wa yaro wannan aya da safe, mu ce masa jiki yana da alfarma, sannan da dare mu naɗi hotonsa yana canza wando? Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haɗa hani uku wuri guda: yawan zato, binciken asirin mutane, da yi da wani. Kyamarar da aka ɓoye a ɗaki tana buɗe ƙofar duka ukun. Kuma hoton yaro ko yarinya a tuɓe, da zarar ya wanzu a cikin na'ura, ba ka da tabbacin inda zai ƙare. Wata hukumar makarantu a jihar Fensilbeniya ta Amurka ta kunna kyamarorin kwamfutocin da ta raba wa ɗalibai, ta tara hotuna fiye da 50,000, wasu a ɗakunan barcinsu. A 2010 sai da ta biya dala 610,000 don a kashe ƙarar. A wajenmu abin da za a rasa ya fi kuɗi: yarinyar da hotonta ya fita a Gusau, har aurenta sai abin ya taɓa.

Na san abin da ke damunka a ɗakin kwana gaskiya ne. Cin zali yana faruwa a can, da abin da ya fi cin zali muni, wanda ba mu cika son ambata ba. Maganinsa tsoho ne. Babban mutum amintacce ya kwana a bakin ƙofar kowane ɗaki, mace a ɓangaren mata. A raba ɗakuna bisa shekaru, kada ɗan shekara takwas ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan sha shida. Kowa da shimfiɗarsa, kamar yadda hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi umarni da raba makwanci daga shekara goma. A bar ƙaramar fitila a kunne. Hanyar banɗaki ta zama da haske, ƙananan yara su je bibbiyu. Sannan a samu mutum ɗaya, wanda ba shi ne mai bulala ba, da kowane yaro ya san zai iya kai masa kuka a asirce kuma ba za a tona shi ba.

Akwai na'urar da nake roƙonka ka sa a cikin kowane ɗakin kwana tun kafin kyamara: mai ƙara idan ta ji hayaƙi. Batir ƙarami take amfani da shi, kuɗinta bai kai na kyamara ɗaya ba. A Fabrairun 2025 gobara ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda, almajirai 17 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Kada a kulle ɗakin yara da kwaɗo ta waje da sunan tsaro, kada a tara kara ko itace a jikin ɗaki, kuma tagar da aka yi wa ƙarfe a bar guda mai buɗuwa daga ciki.

Idan har za a sa kyamara a cikin gini, to a sa ta inda babba ke keɓewa da yaro: ofishin shugaba, ɗakin da ake ladabtarwa, ɗakin shan magani, barandar azuzuwa. Wannan magana ba za ta yi wa wasu malamai daɗi ba, amma mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wata makaranta a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum fiye da 300, da yawa yara, wasu da mari a ƙafa, sannan irinsa a Daura bayan 'yan makonni. Waɗannan wurare sun daɗe ne saboda ba mai ganin abin da manya ke yi. Malamin kirki yana amfana da wannan kyamara, domin ranar da aka yi masa ƙazafi ita ce shaidarsa. Kuma yara suna lura: idan suka ga idon yana kan kowa har da mai makaranta, za su ɗauke shi adalci. Idan a kansu kaɗai yake, za su ɗauke shi tarko, su koyi inda ba ya kaiwa. Cikin mako ɗaya za su haddace duk wani lungun da kyamara ba ta gani, fiye da yadda suke haddace shafi.

Abin da na'ura ba za ta yi maka ba

Yaron da ke tashi asuba don kyamara na kallon ƙofar masallaci, ranar da ya je hutu Kwatarkwashi ko 'Yandoton Daji, inda babu kyamara, me zai tashe shi? Iyaye sun kawo maka shi ne don ya zama mutumin da za a bar wa shago, a bar wa marayu, a bar wa baitulmali. Hadisi na biyu a Arba'una, wanda ɗalibanka ke rerawa, ya yi bayanin ihsani, wato mutum ya rayu da sanin cewa ganin Allah ba ya gushewa daga kansa. Ina roƙon malamai su daina wani kuskure da ya fara yawa: kwatanta ganin Allah da kyamara don yara su gane. Kyamara tana da makahon gefe, tana mutuwa idan batir ya ƙare, ba ta san niyya ba, ba ta san uzuri ba, ba ta yafiya. Yaron da aka gina masa sanin Ubangijinsa a kan wannan siffa zai tashi da tsoro marar ƙauna, kuma zai riƙa neman lungu.

Ka tuna labarin Sayyidina Umar da 'yar mai nono a Madina. Yana zagayen dare da ƙafarsa ya ji uwa tana cewa a ƙara ruwa a nono tunda Sarkin Musulmi ba ya gani, 'yar ta ƙi saboda Allah yana gani. Abin da nake so ka lura da shi shi ne abin da Umar ya yi da abin da ya ji. Bai tara jama'a ya kunyata uwar ba. Ya nemi yarinyar ya aurar da ita ga ɗansa Asim, daga zuriyarsu aka samu Umar ɗan Abdul'aziz. Zagayen mutum yana gano alheri ya saka shi. Hoton kyamara kuwa ba a buɗe shi sai an yi ɓarna. Babu wanda ke zama ya nemi yaron da ya ɗebo wa ƙaninsa ruwan alwala cikin sanyin Janairu. Wannan sai malamin da ke yawo a tsakaninsu, ya gani, ya kira sunan yaron bayan sallah, ya sa masa albarka a gaban 'yan'uwansa.

Amana kuma da amana ake koyonta. Tsarin tsangaya ya san wannan tun da daɗewa: kolo yana ƙarƙashin titibiri, titibiri yana ƙarƙashin gardi, kowa ana ƙara masa nauyi gwargwadon girmansa. Ka dawo da wannan cikin tsari. Ɗalibin da ya kai izu ashirin a ba shi makullin ɗakin littattafai. Wani ya riƙe lissafin sabulu da omo, ya kawo rahoto ranar Laraba. A buɗe ɗan teburin sayar da biro da littafin rubutu da ƙuli-ƙuli wanda babu mai tsaro kuma babu kyamara a kansa, kowa ya ɗauka ya saka kuɗi a gwangwani, a ƙirga tare da yamma. Wata rana kuɗin zai gaza. Ranar ce darasin: ka faɗa musu nawa ya ɓata, ka ce gwangwanin yana nan har gobe ga wanda ya manta, ka yi shiru. Sau da yawa da safe za ka tarar ya cika, kuma yaron da ya mayar cikin dare ya koyi abin da bulala goma ba za ta koya masa ba. Sai dai ka kula, girman da za ka ba manyan ɗalibai na hidima ne. Kada ka ba su izinin duka, kada kuma ka mai da su 'yan leƙen asirin juna.

Satar abinci kuma, kafin ka nemi ɓarawo ka leƙa tukunya. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya yi tilawa tun asuba, aka ba shi koko cokali uku, idan ya buɗe akwatin wani da dare yunwa ce ta tashe shi. Haka makara: ƙirga awa nawa suke barci tsakanin karatun dare da kiran assalatu. Yaran wannan shekaru suna buƙatar awa tara ko fiye a kwana ɗaya. Idan ba su samu da dare ba, a tsare musu ƙailula.

To idan kyamarar farfajiya ta kama yaro da laifi fa? Ka kira shi shi kaɗai. Kada ka fara da hoton. Tambaye shi, ka ba shi damar faɗar gaskiya da bakinsa, kuma idan ya faɗa, hukuncin ya ragu a fili yadda zai gane gaskiyar ce ta sauƙaƙa masa. Idan ya musa, sai ka nuna masa, ku biyu. Kada a haska a gaban ɗalibai, kada a tura a zauren WhatsApp na iyaye ko na malamai, kada wani ya ɗauka da wayarsa daga allon. Yaron da aka tona wa asiri a gaban makaranta an riga an raɗa masa suna, kuma da yawa sukan zauna a cikin sunan. Banda abu ɗaya: idan abin da aka gani cutar da wani yaro ne, duka mai rauni ko lalata, babu rufa-rufa. A kira iyaye, a kai yaron asibiti, a sanar da hukuma, a adana hoton a wuri na daban kafin ya goge, ko da mai laifin ɗan'uwanka ne.

Za a kawo maka tallan wasu na'urorin: mai ɗaukar zanen yatsa a ƙofar masallaci, mai gane fuska, har da wadda aka ce tana gane yaron da hankalinsa ya tafi a aji, irin wadda wata sakandare a birnin Hangzhou na ƙasar Sin ta gwada a 2018. Ka bar su. A 2019 hukumar kare bayanai ta Suwidin ta ci tarar wata ƙaramar hukuma kurona 200,000 saboda gwada na'urar gane fuska wajen kiran suna a makaranta, duk da iyaye sun sa hannu. Malamin da ke kiran suna da bakinsa yana ganin wanda idonsa ya yi ja da zazzaɓi da wanda ya kwana yana kuka.

Ga malaman tsangayu na ƙauyukan Tsafe da Bungudu da ba su da kuɗin ko kyamara ɗaya, kada ku ga kamar an bar ku a baya. Littafi ɗaya mai sunan kowane almajiri da garinsu da lambar wani nasa, ƙirga kai bayan isha'i da bayan asuba, fitilar sola biyu, usur a wuyan gardawa uku, bokitin yashi da na ruwa a bakin ɗaki, da yarjejeniya da maƙwabta da mai unguwa kan gidajen da yara za su shiga idan an ji motsi. Idan labari ya yi zafi a yankin, a matsar da makwancin yara cikin gari na ɗan lokaci, ko a sallame su gida har ƙura ta lafa; haddar da aka rasa a wata ɗaya ana rama ta.

Kai kuma Malam, idan gudummawar iyayen ta zo, ga yadda zan kashe ta da ni ne: katanga da ƙofa, na'urorin hayaƙi, fitilu, albashin maigadi na biyu da na mai kwana da yara na shekara guda, sannan kyamarori da solarsu. Idan kuɗin ya ƙare kafin a kai ga na ƙarshe, a sayi huɗu a bana, a kafa su a ƙofa da bayan katanga, sauran su jira baɗi.